Kunyoyin da ban ƙirga ba

A ƙarshen shekarar 2013, hunturu ya fara kaɗawa, na zauna a kan tabarma a ɗakin da nake haya, ga fitilar caji ga biro, na rubuta lambobi 27 da ban ƙirga ba, ban kuma auna ba. Da su na kammala digiri na biyu, da su aka buga maƙala a mujalla, da su na samu aikin koyarwa a jami'a. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, ba zan kuma ambaci sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, ɗaya daga cikinsu ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa.

Ni ɗan manomi ne. Tun ina yaro na san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, domin shi ya cinye gonar dawar mahaifina ta bayan gari har ya haƙura da ita. Wanda bai san shi ba zai ga ɗan fure mai kyau ya tsiro a gindin dawa. Manomi kuwa ya san kafin furen nan ya leƙo, saiwarsa ta riga ta kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ta. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubu gommai, ƙanana kamar ƙura, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran a shuka dawa ko gero ko masara. Don haka da aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai, ban tsaya dogon tunani ba.

Gwajin ba mai wuya ba ne. Hanyoyin shuka guda shida: dawa zalla, dawa da wake, dawa da gyaɗa, dawa da waken suya, da sauransu. Kowace hanya a maimaita ta sau huɗu, wato sahu huɗu, kowane sahu fegi shida, jimla fegi 24. Za a ƙirga tsiron ƙuduji a mako na 8 da na 10 da na 12 bayan shuka, a kuma auna hatsin kowane fegi da kaka. Na yi shuka a ƙarshen watan Yuni. Ranar 1 ga Yuli ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai tsakiyar Disamba. Makaranta ta watse, leburorin gona suka ragu, ni kuma na koma zirga-zirga tsakanin gida da gonar gwaji gwargwadon abin da aljihuna ya ɗauka. Ƙirgar mako na 8 ta tafi daidai. Da na dawo ta mako na 10, na tarar shingen gabas ya kwanta, dabbobi sun shiga da dare. Sahu na huɗu gaba ɗaya da rabin na uku, fegi tara ke nan, sun zama turmusasshen kara. Tsohon da ke gadin gonar ya tsaya gefena yana ta ba ni haƙuri, kamar shi ya ci.

Masana lissafin gwaji ba su bar irin wannan ba tare da mafita ba. Tun 1933 wani Bature ɗan Ingila, Frank Yates, ya fitar da hanyar ƙiyasta fegin da ya salwanta daga sauran da suka tsira, da sharaɗin ka bayyana a rubuce cewa ƙiyasi ka yi, ka kuma rage ƙarfin hukuncin da za ka yanke. Amma wannan na fegi ɗaya ne ko biyu. Tara cikin 24 ba ƙiyasi ba ne, shaci-faɗi ne. Abin da ya kamata shi ne in jira wata damina in sake daga farko. Wata damina kuwa tana nufin kuɗin makaranta na wata shekara, ga kuma gurbin aiki da aka ce za a buɗe a sashenmu, wanda sai mai digiri na biyu a hannu.

Da aka janye yajin aiki na je wurin Farfesan da ke duba aikina. Zan faɗi maganar yadda ta gudana, domin na daɗe ina gyara ta a zuciyata don ta yi mini daɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, dabbobi sun ɗan taɓa gefen gabas." Ban ce fegi tara ba. Shi kuma bai tambayi nawa ba. Ya ce, "Ni dai cikakken tebur nake so kafin ƙarshen wata. Ka san yadda za ka yi." Bai ce in ƙirƙira ba, ban kuma ce zan ƙirƙira ba. Kowannenmu ya bar wa ɗan'uwansa ƙofar da zai ce bai sani ba.

A daren nan na dubi lambobin sahu na ɗaya da na biyu, na riƙa rubuta masu kama da su, amma ina ɗan karkata su wajen abin da nake fata. A fegin gaskiya, bambancin dawa zalla da dawa mai waken suya kaɗan ne, irin wanda lissafi zai ce dace ne kawai. Da na gama karkatawa, sai manhajar lissafi ta sa mini ɗan tauraron nan da ake sawa a gefen lamba, alamar cewa bambancin na haƙiƙa ne. Duk ɗalibin da ya yi bincike ya san yadda ake son tauraron nan. Sakamakona ya fito cewa haɗa dawa da waken suya, layi da layi, yana rage ƙuduji fiye da rabi a damina ɗaya. Na kare kundina lafiya lau, har da yabo. Aka buga maƙala, sunan Farfesa a gaba, nawa na biyu, na uku kuma wani malami ne da ko hanyar gonar bai sani ba, amma yana neman ƙarin girma a shekarar, ya ce a sa shi.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har da jikoki.

Na samu aikin. Na yi digiri na uku a kan adana iri, wannan kam ban taɓa ko lamba ɗaya ba, wataƙila don tsoron abin da na riga na yi. Abin dariya, ko in ce abin kuka, sai aka ba ni darasin dabarun bincike in koyar. Ni ne mai tsayawa gaban allo ina bayyana wa ɗalibai manyan laifuffuka uku: ƙirƙirar alƙaluman da babu su, jirkita waɗanda ake da su, da satar aikin wani. Ina ba su labarin Diederik Stapel, farfesan nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, wanda ya yi shekaru yana zama shi kaɗai yana cike alƙaluman gwaje-gwajen da ba a yi ba, har wasu matasan masu bincike uku na sashensa suka kai ƙara a 2011, aka janye maƙalunsa 58. Ina ba su na Yoshitaka Fujii, likitan sa barcin tiyata a Japan, wanda wani likitan Ingila, John Carlisle, ya nuna a 2012 cewa lambobinsa sun yi kyawun da lambobin gaskiya ba sa yi, binciken ƙungiyar likitocin ƙasarsu kuma ya gano maƙala 172 na ƙirƙira ne. Ɗalibai su riƙe baki, ni ma in taya su. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, in ma ya ji, ya iya ɗauke kai.

Shekara shida bayan wancan dare aka kawo mini takarda daga makarantar karatun gaba da digiri na farko: an sa ni a kwamitin mutum biyar da zai binciki wata ɗaliba. An zaɓe ni ne don ni ne "masanin ƙuduji" na tsangayar.

Matar aure ce, da goyo ta yi aikin gonarta damina biyu a jere. Farfesan nan nawa shi ke duba ta, ya kuma ba ta ta maimaita gwajina a wani wurin. Manhajar Turnitin da ake tace kundaye da ita ta wanke ta tas, domin ita kalmomin da suka yi kama take nema, ba ta san ko an je gona ko ba a je ba. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wani dattijo da ya tsufa a gonakin gwaji, shi ya tsaya a kan tebur ɗaya ya ƙi wucewa. Ya ce ƙirgar ƙuduji ba ta zuwa a jere haka. Fegi biyu maƙwabta, wannan ka samu tsiro 12, wancan 90, haka halinsa yake, saboda irinsa ba ya bazuwa daidai a ƙasa. Nata kuwa sun zo kamar an tace su da rariya. Ya nemi littafin da ta riƙa rubutu a gona. Da mayaudariya ce ta asali, da ta ce ya ɓata. Sai ta buɗe jaka ta miƙa masa. Abin da ke littafin daban, abin da ke kundin daban.

Kwamitin ya bi ƙa'ida, wannan zan shaide shi. An ba ta tuhumar a rubuce, an ba ta mako biyu ta amsa, an kira ta ta yi bayani da bakinta. Ta shigo da jaririyarta a baya, shugaban kwamitin ya ce a ba ta kujera. Ba ta yi musu ba ko kaɗan. Ta ce ta kai sakamakonta sau uku ana dawo mata da shi, ana ce mata aikin da aka riga aka buga ya nuna an rage fiye da rabi, don haka ita ce ta yi kuskure, ta je ta gyara. Sai ta juyo wajena cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce nawa bai yi daidai da na Dakta ba. Na yi ta karanta maƙalarka ina neman inda na kauce, ban gani ba."

Littafin nata yana gabana a lokacin, shafukansa duk tabon laka. Lambobin da ke ciki na san su. Su ne irin na sahu na ɗaya da na biyu na gonata, waɗanda na ƙirga da hannuna. Ita ce ta samu gaskiya, aka auna gaskiyarta da mudun da na lotsa, aka ce tata ce ba ta cika ba.

Ban ce uffan ba a zaman. Na koma gida na kasa cin tuwo. Maiɗakina ta yi ta tambaya, sai can wajen ƙarfe ɗayan dare na faɗa mata duka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, in aka kore ta, da wane ido za ka riƙa kallon yaranka mata?" Ba wa'azi ta yi mini ba, tambaya ta yi ta juya ta kwanta. Ni kuwa abin da ya riƙa dawo mini shi ne hadisin da muka haddace tun a Islamiyya, na mai sayar da abinci da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ba a zarge shi don ruwan sama ya taɓa kayansa ba. Ni ma ba ni na kwantar da shinge ba.

Da safe na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun makaranta. Littafin gonata na nan. A gurbin fegi tara, ƙirgar mako na 10 da na 12 da awon kaka, babu komai sai kalma ɗaya da na rubuta da jan biro: dabbobi. Har yau ina mamakin abin da ya hana ni ƙona shi.

Na kai wa shugaban kwamitin a ofishinsa, wani farfesan kimiyyar ƙasa mai ƙarancin magana. Ya duba littafin, ya duba maƙalar, ya cire tabarau ya ce, "Dakta, ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Ya ce to daga yau na fita daga kwamitin, tun farko ma bai kamata a sa ni ba tunda aikina na cikin maganar, in je in rubuta komai in sa hannu, in kai wa shugaban tsangaya da rijistara. Da na miƙe ya ƙara da cewa kada in bar asalin littafin a hannun kowa, in ba da kwafi.

Daga nan na ga abin da ban sani ba game da gidan da nake aiki. Ɗalibin da aka kama da 'yar takarda a ɗakin jarrabawa, hukuncinsa a rubuce yake dalla-dalla, har dokar ƙasa ta 1999 akwai a kan satar jarrabawa. Malamin da ya ƙirƙiri sakamakon bincike kuwa, a kundin sharuɗɗan aikinmu na lokacin babu abin da ya kama shi sai jimla ɗaya mai faɗi a kan rashin ɗa'a. Babu wanda aka ɗora wa karɓar irin wannan ƙara, babu kariya ga wanda ya kawo ta, babu dokar da ta ce a ajiye littafin gona na shekara kaza. Masu binciken lafiyar ɗan'adam sun fi mu tsari, suna da kundin ƙa'idoji na ƙasa tun 2007, amma su ma sai da aka sha wuya. Kowa a Arewa ya san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Mu masu dawa da gero muna ganin tunda ba mu kashe kowa, ba mu buƙatar irin wannan tsari.

Abokan aiki suka rabu. Wasu suka daina zama kusa da ni a masallacin tsangaya. Wani da muke shiri ya ja ni gefe ya ce, "Wa ya aike ka? Kowa fa ya taɓa cike gurbi. Ka tona wa sashe asiri a banza." Ban yarda kowa ya taɓa ba, na san mutanen da suka sake damina sukutum saboda fegi uku. Amma na gane abin da yake tsoro. Tsarin ƙarin girma yawan maƙalu yake ƙirgawa, kuɗin bincike ba ya isa, gwajin da bai ba da tauraro ba kuma mujallu ba sa marmarinsa. Wannan duk gaskiya ne, sai dai ita ma ɗalibar a cikin wannan tsarin ta yi damina biyu tana rubuta abin da idonta ya gani.

An kafa kwamiti na biyu a kaina. Bayan wata bakwai aka yanke: takardar gargaɗi mai tsanani a fayil ɗina, dakatar da ƙarin girma na shekara uku, cire ni daga duba ɗalibai na tsawon wannan lokaci, sannan in sake gwajin damina biyu a ƙarƙashin idon wani malami in gabatar da gyararren kundi, in ba haka ba majalisar jami'a ta karɓe digirin. Wasu sun ce an yi mini sassauci, kuma ban musa ba. Ɗalibar ba a kore ta ba. An soke kundin, aka sauya mata mai dubawa, ta sake rubutawa da lambobinta na gaskiya, ta yi asarar shekara guda. Malami na uku a maƙalar ya rubuto cewa shi bai san komai game da aikin ba, abin da yake gaskiya ne, bai dai lura da abin da ya amsa da bakinsa ba. Farfesa kuwa bai bayyana gaban kowane kwamiti ba. Ya aiko da takarda mai layi huɗu cewa ɗalibansa biyu sun ci amanarsa. Aka "shawarce shi da ya ƙara sa ido". Da ya yi ritaya aka yi masa walima. Ba na ɗora masa laifina, hannuna ne ya riƙe biron. Amma har gobe ina ganin ba daidai ba ne mai goyo ta zauna gaban maza biyar tana share hawaye da gefen hijabi, wanda ya mayar da ita sau uku kuwa ko matakalar ofishin bai taka ba. Ya rasu ba mu sake magana ba. Na je jana'izarsa.

Janye maƙalar ya fi komai jan lokaci. Editan ya ce tun da aka kafa mujallar ba su taɓa janye komai ba, ya tambaye ni ko ba za a bar shi a matsayin "gyara" ba. Na ce ba kuskure ba ne balle a gyara. Sai bayan wata 14 suka buga sanarwa mai sakin layi ɗaya a shafin ƙarshe. Tsohon kwafin yana nan yana yawo a intanet babu wata alama a jikinsa. Bara na ga kundin wani ɗalibi daga wata jiha ya kafa hujja da shi, na nemi mai duba shi na aika masa da sanarwar. Bai amsa ba.

Gwajin da na sake ya ba da abin da ɗalibar ta samu. Waken suya yana da amfani a yaƙi da ƙuduji, domin saiwarsa na sa irin ya tsiro alhali ba zai iya kama ta ba, sai ya mutu. Amma aiki ne na juya shuka shekara da shekaru, tare da taki da tumɓuke tsiron kafin ya zubar da iri. A damina ɗaya, layi da layi, ragin da muka gani bai kai a sa masa tauraro ba. Mun buga wannan tare, sunanta a gaba. Ranar da na kai mata kwafin na nemi gafararta a gaban mijinta. Ta ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Malam." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Saura mutum ɗaya. Ƙanin mahaifina, wanda ya gaji gonar nan ta bayan gari, tun shekarar da na gama digiri na biyu na je har gida na ce masa ya haɗa dawarsa da waken suya, bincikena ya tabbatar. Ya sayi iri da kuɗinsa, ya bi yadda na tsara masa. Na daɗe ina kewaye zuwa wurinsa. A wata damina dai na shirya na je, na same shi a gonar da yamma, na durƙusa na faɗa masa duk yadda aka yi. Ya saurara yana jingine da fartanya. Da na gama ya ce, "Ai tun shekarar farko na gani, ɗana. Na yi shiru ne kada a ce karatun ɗan yayana bai yi ba." Sannan ya nuna mini kunyoyin da ke gefen kwari, ya ce ƙudujin can ya fara fure, in ba sauri nake ba in naɗe wandona mu tumɓuke kafin magariba.